Sharhi Kan Aikin Kafa Mana Tsarin Cajin Kuɗi Gwargwadon Amfani a Gombe

Kamfanin da nake riƙe wa littattafan kuɗi a Gombe yana sayar da intanet ne ga otal-otal, makarantu masu zaman kansu, asibitocin kuɗi da wasu ofisoshi, tun daga tsakiyar gari har zuwa Pantami da Tumfure, da kuma 'yan kwastomomi ƙalilan a Kumo. Tsawon shekaru tsarinmu bai wuce abu ɗaya ba: kwastoma ya zaɓi ƙarfin layin da yake so, ya biya kuɗin wata, ya yi ta amfani iya son ransa. Tsarin yana da sauƙin rubutawa a Excel, amma ya fara gazawa tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, farashin duk wani kayan aiki da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabi, ga kuma Starlink, mai sayar da intanet ta tauraron ɗan adam, da ta shigo Najeriya a farkon shekarar tana zawarcin manyan kwastomominmu. Makarantar da ke kashe kwamfutocinta da ƙarfe biyu na rana tana biyan daidai da otal ɗin da baƙinsa ke kwana suna kallon bidiyo, wato ƙaramin mai amfani shi ke ɗaukar wa babba nauyi. Dalili ke nan da mai kamfanin ya yanke shawarar a koma biyan kuɗin wata mai rangwame wanda ke ɗauke da wani adadin data, duk abin da ya haura kuma a caje shi gwargwadon yadda aka sha, sannan ya ba wani ƙaramin kamfanin injiniyoyin manhaja kwangilar kafa tsarin.

Hukuncina a kan aikinsu ya rabu biyu. A ɓangaren awo, wato tabbatar da cewa lambar da ke kan bil ita ce ainihin abin da kwastoma ya sha, sun yi aikin da ban ga inda zan kushe shi ba. A ɓangaren kuɗi kuwa, wato yadda kuɗin ke shigowa a zahiri a ƙasar nan da yadda ake rufe littafi a ƙarshen wata, sun nuna cewa injiniyoyi ne ba akantoci ba, kuma wannan giɓi ya ci mana lokaci da kuɗin da ba su cikin kasafi.

Zaɓin manhaja bai ɗauki dogon lokaci ba, kuma na yaba da yadda ba su yi ƙoƙarin sayar mana da abin da ya fi ƙarfinmu ba. Sun bayyana mana cewa manyan kamfanonin sadarwa da na lantarki sukan yi amfani da irin su SAP BRIM, wadda ta rarraba aikin zuwa sassa: wani sashe yana riƙe da kwantiragin kwastoma, Convergent Charging yana saka wa kowane amfani farashi, Convergent Invoicing yana haɗa bil, FI-CA kuma yana bin bashi. Akwai Zuora ta Amurka da aka kafa a 2007, da Chargebee da ta taso daga Chennai ta ƙasar Indiya a 2011, da kuma Stripe Billing. Dukkansu an gina su ne don wannan aiki, sai dai kuɗin hayarsu da kuɗin waje ake biya, mu kuwa da naira muke karɓa. Sai suka ba da shawarar Lago, manhajar da aka bar lambobinta a buɗe ga kowa, wadda kamfani zai iya ɗorawa a kan uwar garkensa, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajojinsa, ta riƙa karɓar bayanan amfani tana fitar da bil, su kuma su haɗa ta da ERPNext da muke riƙe littattafanmu a kai tun da farko. Abin da ya fi burge ni shi ne sun zana mana waɗannan sassa huɗu na SAP a kan allo duk da ba za mu saya ba, suka ce ko da wace manhaja aka ɗauka, sai an amsa tambayoyin nan huɗu: me aka yi alkawari, me aka sha, nawa ya kama, nawa aka biya.

Kafin su taɓa kwamfuta sai da suka zaunar da mu a kan wata takarda mai ɗauke da tambayoyi, kuma suka ƙi ci gaba har sai mai kamfanin ya sa hannu a kan amsoshin. Shin abin da kwastoma ya sauke kaɗai za a ƙirga, ko har da abin da ya ɗora? Wanda aka jona wa layi a tsakiyar wata, za a ba shi cikakken kason data ne ko a raba shi bisa kwanakin da suka rage? Datar da ba a cinye ba tana tsallakawa zuwa wata mai zuwa, ko ta mutu? Idan hasumiyarmu ta tsaya saboda batirin inbata ya ƙare, za a rage wa mutum kuɗin wata, kuma daga awa nawa ragin zai fara? Mai kamfanin ya ƙosa da wannan zama, domin a ganinsa ya biya kuɗi ne a haɗa masa na'ura ba a yi masa jarrabawa ba. Ni kuwa a nan na fara yarda da su, domin kowace daga cikin tambayoyin nan rigima ce da za ta zo ta same ni a teburina idan ba a warware ta a rubuce ba. Har ma'anar gigabait sai da aka rubuta, tunda wasu na'urori suna ɗaukarsa a matsayin bait 1,000,000,000, wasu kuma 1,073,741,824, bambancin da ya haura kashi 7 cikin ɗari. An tsayar da na farkon, aka sa shi cikin kwantiragin kowane kwastoma.

Inda ƙwarewarsu ta fito fili shi ne wajen karanta rahoton da rautocinmu na MikroTik, wato na'urorin da ke jona kwastomomi da intanet, ke aikawa ta hanyar da ake kira RADIUS. Rauta ba ta jira sai kwastoma ya sauka daga layi sannan ta faɗi abin da ya sha. Tana aiko da rahoto lokaci-lokaci, kuma kowane rahoto jimilla ce tun daga farkon hawan, ba ƙarin da aka samu tsakanin rahoto da rahoto ba. Idan rahoton farko ya ce gigabait 2, na biyu ya ce 3, na uku ya ce 5, abin da aka sha 5 ne, amma wanda ya tara su kai tsaye zai samu 10, ya caji bawan Allah ninki biyu ba tare da niyyar zalunci ba. Injiniyoyin sun rubuta wata 'yar manhaja a tsakani wadda ke cire rahoton baya daga na gaba, ta aika da ƙarin kaɗai zuwa wurin lissafi. Sai kuma matsala ta biyu da ke jawo akasin haka. Gurbin da RADIUS ta tanada don ƙirga bait yana cika ne a 4,294,967,295, wato gigabait 4 da ɗoriya, daga nan sai ya koma sifili ya sake farawa, kuma akwai wani gurbi dabam mai suna Gigawords da ke ƙirga sau nawa aka yi wannan zagaye. Tsohon rahoton da ma'aikatanmu ke cirowa bai taɓa karanta wannan gurbi na biyu ba, saboda haka otal ɗin da ya kwana biyu bai sauka daga layi ba yana iya bayyana kamar wanda bai sha komai ba. Su suka gano wannan da kansu a makon farko, suka nuna mana a kan bayanan kwastoma ɗaya, layi bayan layi, har mai kamfanin ya fahimci cewa duk hasashen ribar da aka yi a kan tsohon rahoton sai an sake shi.

Sun kuma yi tanadi mai kyau ga yanayin wutar lantarki da sadarwa irin namu. Idan hanyar da ke tsakanin hasumiya da ofis ta yanke, ana adana rahotannin a inda suke, a turo su gaba ɗaya idan ta dawo, wani lokaci ma a turo abu ɗaya sau biyu. Don haka suka ba kowane rahoto lambar shaida ta kansa, wadda aka haɗa daga lambar hawan kwastoma da lokacin rahoton, tunda Lago tana watsi da duk bayanin da ya zo da lambar da ta riga ta gani. Suka kuma tsara cewa ba za a rufe bil ba sai an jira kwana uku bayan ƙarewar wata, domin rahotannin da suka makara su iso. Wanda ya zo bayan haka sai ya shiga bil na gaba da bayaninsa a fili, ba a buɗe tsohon bil a sauya masa lamba. Agogo ma sai da aka daidaita, domin uwar garken tana bin lokacin UTC wanda Najeriya ke gaba da shi da awa ɗaya, kuma da an bar shi haka da watanmu zai riƙa ƙarewa da ƙarfe ɗaya na dare.

A kan tsarin farashi an yi muhawara mai zafi, kuma a nan ma su ke da gaskiya. Mai kamfanin yana son tsarin da idan kwastoma ya kai wani mataki, duk abin da ya haura kasonsa ya koma kan farashi mai sauƙi, domin yana da daɗin faɗa a wajen talla. Su kuma suka nace a kan tsarin hawa-hawa, inda kowane mataki ke riƙe da farashinsa. A ɗauka kuɗin wata naira 50,000 ne da gigabait 500 a ciki, daga 501 zuwa 1,000 ana cajin naira 80 a kan kowane gigabait, sama da 1,000 kuma naira 60. A tsarin hawa-hawa, wanda ya sha 1,200 zai biya 40,000 a mataki na farko da 12,000 a na biyu, jimilla 102,000 idan aka haɗa da kuɗin wata. A tsarin da mai kamfanin ke so, wanda ya tsaya a 1,000 daidai zai biya ƙarin 40,000, amma wanda ya sha 1,001 zai biya 30,060 kacal, domin duka gigabait 501 ɗinsa sun koma naira 60. Wato wanda ya fi sha shi ke biyan ƙasa da wanda ya yi tsimi, kuma ba a rasa mai wayon da zai bar bidiyo yana ta gudu a daren ƙarshen wata don ya tsallaka layin. Da aka rubuta lambobin nan biyu a kan allo, muhawarar ta mutu nan take.

Kafin a fara cajin kowa da sabon tsari, sun bar shi yana gudana a gefe na wani lokaci, kwastoma yana biyan tsohon kuɗi amma yana karɓar takarda ta biyu da ke nuna abin da zai biya nan gaba. Wannan dabara ta rage mana tashin hankali ƙwarai. Mutanen Gombe, kamar sauran 'yan Najeriya, sun sha fama da bil ɗin wuta na ƙiyasi, saboda haka duk takardar da lambarta ke sauyawa daga wata zuwa wata ana kallon ta ne da zargi har sai an ga inda lambar ta fito. Injiniyoyin sun fahimci haka, suka yi wa kowane kwastoma shafi da zai ga abin da ya sha kowace rana, da saƙon waya da ke zuwa idan ya cinye kashi 80 cikin ɗari na kasonsa. Shafin yana nuna yawan data ne kaɗai, ba ya nuna inda mutum ya shiga, abin da ya dace da dokar kare bayanan jama'a ta 2023.

Amfanin wannan shafi ya bayyana ne ranar da manajan wani otal, dattijo mai haƙuri wanda ba ya yawan magana, ya shigo ofis da takarda a hannu ya ce, "Malam Akanta, a watan nan ɗakunana rabi ba kowa, to wa ya sha wannan datar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, bari mu duba tare." Da aka buɗe shafin sai ga shi amfanin rana bai taka kara ya karya ba, amma kowane dare akwai layi miƙaƙƙe da ba ya hawa ba ya sauka, kuma kusan duka ɗorawa ne ba saukewa ba. Injiniyan da ke wurin ya tambaye shi ko an saka sababbin kamarorin tsaro. Ashe an saka, kuma mai sakawar ya bar su suna aika hotunan bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet dare da rana. Dattijon ya ninke takardarsa ya ce zai kira yaron ya gyara, ya biya ba tare da an ƙara wata magana ba. Da jimillar wata kaɗai muke da ita, da babu abin da zan iya faɗa masa face rantsuwa.

Daga nan kuma sai inda aikin ya yi rauni. Injiniyoyin sun gina tsarin ne da zaton cewa bil zai fita, a ciri kuɗin daga katin kwastoma ta hanyar Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, bil ya rufe kansa. Hanyar tana aiki, domin ana iya sake cajin katin da mai shi ya ba da izini ko da adadin ya sauya, amma kwastomominmu na kamfanoni ba haka suke biya ba. Makaranta tana tura kuɗi ne daga asusun mai makarantar, otal yana haɗa bil biyu ya biya lokaci ɗaya, wani ya biya rabi ya ce sauran sai an shiga sabon zangon karatu, wani kuma ya aiko yaro da tsabar kuɗi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da tsarin ya san yadda zai yi da shi a farko, kuma da yake an haɗa shi da umarnin rage ƙarfin layin duk wanda bai biya ba, sai aka wayi gari an rage wa mutanen da alat ɗin kuɗinsu ke cikin wayata. Maganin bai da wuya: a ba kowane kwastoma lambar asusun banki tasa ta musamman, wadda duk kuɗin da ya faɗa cikinta an san na wane ne, hidimar da Paystack ke bayarwa tun da daɗewa. Sun yi hakan daga baya, amma a matsayin ƙarin aiki da ƙarin kuɗi, alhali tambaya ɗaya ga akanta a wancan zama na farko ta isa ta nuna musu yadda kuɗi ke shigowa.

Batun haraji ya fi wannan ciwo. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a watan Fabrairun 2020, sun saka shi daidai, ta yadda bil ɗin naira 102,000 ke komawa 109,650. Amma ba su yi la'akari da harajin da kwastoma ke cirewa tun daga tushe ba. A lokacin, kamfani ko ma'aikatar gwamnati ba ta cika biyan cikakken abin da ke kan bil ba. Tana cire wani kaso ta miƙa wa hukumar haraji da sunanmu, mu kuma mu jira shaidar hakan, ma'aikatun gwamnati ma har VAT ɗin sukan riƙe su kai da kansu. A idon manhaja wannan bil ne da ba a gama biya ba, sai ya zauna a jerin masu bashi yana tara saƙonnin tunatarwa ga wanda ya sauke nauyinsa. Sai da na zauna da su na zana yadda za a raba kuɗin da ya shigo zuwa gida biyu a ERPNext, tsabar da ta iso banki da harajin da muke bin shaidarsa, sannan abin ya daidaita. Haka ma rufe littafin wata. Ƙa'idar IFRS 15 ta rubuta lissafin kuɗin shiga, wadda ta fara aiki a 2018, tana buƙatar a rubuta kuɗin shiga a lokacin da aka yi hidimar, ba lokacin da bil ya fita ba. Mu kuwa kuɗin wata ana biyansa ne a gaba, kuɗin ƙarin data kuma a baya, saboda haka bil ɗin farkon Maris yana ɗauke da kuɗin watan Maris tare da datar Fabrairu. Su sun tura duka a matsayin kuɗin shigar Maris. Gyaran ya buƙaci a ƙara wata shigarwa a ranar ƙarshe ta kowane wata, ta datar da aka sha amma ba a kai ga cajin ta ba, wadda ake warwarewa idan bil ya fita. Ba su musa ba da aka nuna musu, kuma sun gyara da kyau, amma bai kamata a ce kwastoma ne ke koya wa mai kwangila wannan ba.

Akwai kuma abin da ke tafe. Hukumar tara haraji ta tarayya ta fara tilasta bil na lantarki a 2025 ga manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai naira biliyan 5 a shekara, inda ake aika kowane bil zuwa na'urarta ya samu lambar shaida. Ba mu kai wannan matsayi ba, amma ba a tsara abin don ya tsaya a kan manya kaɗai ba. Da na tambaye su, sai suka ce tsarin zai iya ɗauka, ba tare da sun nuna ta yaya ba. Na nemi a rubuta wannan alkawari cikin kwantiragin kulawa, kuma an rubuta.

Miƙa aiki shi ne rauninsu na ƙarshe. 'Yar manhajar nan ta tsakani, wadda duk ingancin awon ya rataya a kanta, mutum ɗaya ne ya rubuta ta, kuma bayanin da aka bar mana bai wuce shafukan da ke nuna yadda ake kunnawa da kashewa ba. Yaron haziƙi ne, yana ɗaukar waya ko da dare, amma haziƙan injiniyoyi ba su cika daɗewa a wuri ɗaya ba, Abuja da Legas suna kira. Horon da aka ba ma'aikatanmu ya tsaya ne a kan yadda ake buɗe sabon kwastoma, bai kai ga yadda ake soke bil da takardar ragi ba, wanda shi ne abin da ake buƙata ranar da aka yi kuskure. Sun kuma ɗora uwar garken a wurin haya na ƙasar waje da ake biya da dala, abin da ya dawo mana da wani yanki na matsalar da muka gudo daga gare ta, ko da yake na yarda da hujjarsu cewa ajiye ta a ofis a kan janareto da inbata ya fi haɗari.

Kamfanin da kwastomominsa ke shan kusan abu ɗaya ba ya buƙatar wannan wahala, farashin wata tsayayye ya ishe shi. Wanda kuwa tazarar da ke tsakanin ƙaramin mai amfani da babba ta yi nisa irin tamu, ko intanet yake sayarwa, ko wutar sola ga shaguna, ko hayar manhaja da ke aika saƙonnin waya ga iyayen ɗalibai, zai iya ɗaukar irin waɗannan injiniyoyi da kwanciyar hankali, matuƙar ya sa akantansa a zaman farko kuma ya riƙe wani kaso na kuɗin kwangila har sai an rufe littafin wata ɗaya cikakke da sabon tsarin. A namu kwantiragin kulawa na bana mun ƙara sharuɗɗa biyu: a ajiye lambobin 'yar manhajar tsakani a ma'ajiyar da kamfaninmu ke riƙe da mabuɗinta, sannan kowane wata a kwatanta jimillar datar da muka caji kwastomomi da jimillar da ta ratsa babban layinmu, a rubuta bambancin, a kuma bi sawunsa idan ya wuce iyakar da aka amince da ita.